Tarihin Sarkin Katsina Ɗan Kasawa, wanda sarautarsa ta faro daga kufan Ɗankama

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Katsina zuwa Kaita ya san Ɗankama, garin nan na bakin iyaka wanda idan ka wuce shi kaɗan ka shiga Jamhuriyar Nijar, ka doshi Gazawa da Tasawa. Masu sarin hatsi da dillalan dabbobi ba baƙi ba ne a kasuwarsa. Sai dai ba kowa ne ya san cewa an yi wani zamani mai tsawo da Ɗankama ta kasance kufai ba, babu gida babu rumfa, sai ƙaya da sarƙaƙiya, har ta kai idan ayarin fatake ya iso wurin sai kowa ya ƙara sauri don a fita da wuri. A yau za mu kawo wa masu karatu tarihin mutumin da aka ɗora wa rawani a daidai lokacin da wannan gari ya ci wuta, wato Sarkin Katsina Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi. Tarihinsa ya shafi 'yan kasuwa ƙwarai, domin a zamaninsa ne hanyar ciniki tsakanin Katsina da garuruwan arewa da ita ta lalace, kuma aka ɗauki kusan shekara 100 kafin ta gyaru.

Asalinsa da Katsinar da ya tashi a ciki

Ɗan Kasawa ɗan Sarkin Katsina Agwaragi ne, daga gidan sarautar da ake dangantawa da Muhammadu Korau, wanda ya riƙe Katsina shekaru aru-aru kafin jihadi. Ya tashi ne a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Birnin Katsina ke kan ganiyarsa a matsayin babbar kasuwar ƙasar Hausa. A wancan zamani ayarin raƙuma da ke tsallako Sahara daga Gadamus da Gat, ya biyo ta Agadas, a Katsina yake sauke kaya. Larabawa na da unguwarsu a cikin birni, Wangarawa na da tasu. Asbinawa na kawo gishirin Bilma, su koma da gero da tufafi, fataken goro kuma na tashi daga nan su nufi Gwanja. Ta fannin ilimi ma Katsina ba ta da na biyu a lokacin, ga hasumiyar Gobarau, ga sunan waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani wanda ya zagaye ƙasashe.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, a wancan lokaci babu iyaka tsakanin Katsina da garuruwan da ke arewa da ita. Maraɗi da Tasawa da Gazawa da Ɗankama duk ƙasar Katsina ce, sarki ɗaya suke bi. Sunan Maraɗi ma kansa sarauta ce daga cikin sarautun Katsina, kuma har yanzu akwai Maraɗin Katsina. Falke kan tashi daga Tasawa da jakunansa, ya kwana Gazawa, ya ci kasuwar Ɗankama, ya shiga Katsina ba tare da wata fargaba ba in ban da ta ɓarayin hanya da aka saba.

Mahaifinsa Agwaragi sarki ne na yaƙi, wanda ya yi ta gwabzawa da Gobirawa, kuma a zamaninsa ne Katsinawa suka karya rundunar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Ɗankaishi. To amma bayan rasuwar Agwaragi sai gidan sarautar ya shiga ruɗani. Cikin 'yan shekaru an yi sarakuna huɗu, wato Gozo, da Bawa Ɗan Gima, da Maremawa Mahmudu, sannan Magajin Haladu. Fada ta rabu, manyan bayin sarki da masu sarauta kowa na jan nasa, talakawan karkara kuma na kuka da yawan haraji. A cikin wannan hali ne Ɗan Kasawa ya zama mutum, yana ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki da ke jiran rabo.

Faɗuwar Birnin Katsina

A shekarar 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka kuma yi yaƙin Tabkin Kwatto inda jama'arsa ta ci nasara a kan Sarkin Gobir Yunfa. Ba a jima ba wutar ta kama sauran ƙasashen Hausa. A ƙasar Katsina malamai uku ne suka jagoranci jama'ar Shehu, wato Malam Umarun Dallaji, da Malam Umarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. Sun fara ne daga garuruwan kudu da na yamma, suna samun goyon bayan almajirai da makiyaya da manoman da suka gaji da mulkin fada, har suka kashe Sarki Mahmudu a fagen fama. Daga nan aka naɗa Magajin Haladu, wanda shi ne ya zama na ƙarshe daga gidan Korau da ya yi sarauta a cikin birni.

Ganuwar Katsina ba ta fasuwa da sauƙi, saboda haka sai masu jihadi suka tsare hanyoyin da abinci ke shigowa. Birnin da ya saba cin hatsin karkara ya wayi gari babu mai kawo masa ko tiya ɗaya. Labarin da aka gada ya nuna cewa yunwa ta yi tsanani har ƙadangare da ungulu sai da suka zama abin saye da kuɗi a kasuwa. A shekarar 1807 Magajin Haladu ya ga babu sauran dabara, ya kwashi iyalinsa da fadawansa da sauran 'ya'yan sarki, ciki har da Ɗan Kasawa, suka fita suka yi arewa zuwa Ɗankama.

Rijiyar Ɗankama

Ɗankama a lokacin gari ne mai jama'a da kasuwa, a kan babbar hanyar ayari. Magajin Haladu ya zaɓe ta ne domin tana kusa da Katsina, kuma bayansa akwai Gazawa da Tasawa da Maraɗi inda yake sa ran samun mayaƙa. Daga nan ya ci gaba da yaƙi, har ma akwai lokacin da mutanensa suka kori masu jihadi daga cikin birni, amma ba su iya riƙe shi ba. Umarun Dallaji ya sake shiri, ya samu gudunmawa, ya biyo su har Ɗankama. Aka yi kazamin yaƙi, aka ci garin, aka kwashe dukiyarsa, aka sa masa wuta.

Da Magajin Haladu ya ga abin da ya faru, bai yarda a kama shi da rai ba, sai ya faɗa rijiya ya mutu. Wannan shi ne abin da tarihin Katsina da na Maraɗi duka suka riƙe. Manyan fadawan da suka tsira ba su bari sarauta ta faɗi tare da shi ba, nan take suka zaɓi Ɗan Kasawa suka ce shi ne Sarkin Katsina. Haka ya samu rawanin ubansa, ba fada, ba ganuwa, ba baitulmali, ga abokan gaba a bayansa, ga mata da yara da tsofaffi da ke jiran ya nuna masu inda za a dosa.

Mutanen Ɗankama kuwa suka watse. Wasu aka kama su, wasu suka bi sabon sarki, wasu suka fantsama cikin garuruwan maƙwabta. Babu wanda ya koma ya sake ɗora jinka a garin, domin wurin ya zama tsakiyar filin daga. Duk wanda ya zauna nan, idan mayaƙan kudu ba su kwashe shi ba, na arewa za su kwashe shi.

Zaman gudun hijira

Ɗan Kasawa ya ja jama'arsa suka yi gabas zuwa ƙasar Damagaram, wadda a lokacin take ƙarƙashin Barno. Ba shi kaɗai ne abin ya shafa ba. A cikin waɗannan shekaru ne aka kori Sarkin Kano Alwali aka kashe shi a Burumburum, Sarkin Daura Abdu, wanda ake kira Sarkin Gwari, shi ma ya bar birninsa, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba, sannan a 1808 Alƙalawa babban birnin Gobir ta faɗi aka kashe Yunfa. Barno ce kawai ta tsaya, bayan da Shehu Muhammadu Laminu Elkanemi ya taimaka aka mayar da masu jihadi baya. Wannan ya sa ƙasashen da ke bin Barno suka zama mafaka ga sarakunan da aka kora.

Ya yi kimanin shekara biyu a Zinder, daga baya ya koma wani gari da ake kira Gafai a gefen ƙasar Damagaram, inda ya daɗe. Idan aka haɗa duka, ya haura shekara 10 yana zaman baƙunta. Abin da masana tarihi suka fi yaba masa a wannan lokaci shi ne haƙuri. Bai yi gaggawar kai hari da 'yan tsirarun mutanen da ke hannunsa ba, bai kuma yar da sunan Sarkin Katsina ya zama bafaden wani ba. Ya riƙe fadawansa da sarautunsu kamar yadda suke a gida, yana sauraron labarin da fatake da masu gudu ke kawowa daga yamma. Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci, kuma haka ta kasance gare shi.

Yadda ya shiga Maraɗi

Bayan cin Katsina, an raba kula da ƙasar tsakanin shugabannin jihadi. Umarun Dallaji ya zama sarki a birni, yankin arewa maso yamma kuma, wanda ya haɗa da Maraɗi, ya faɗa hannun Umarun Dumyawa. An ajiye wani wakili mai suna Mani a Maraɗi don ya riƙa karɓar haraji. Mutanen kwarin Gulbin Maraɗi yawancinsu manoma ne da mafarauta masu riƙe da al'adun gargajiya, waɗanda ake kira Anna ko Azna, kuma sun saba da sassaucin da sarakunan dā suke yi masu. Mulkin Mani ya yi masu nauyi, sai suka shiga shawara a asirce, suka aika wa Ɗan Kasawa cewa ya zo ya karɓi ƙasar kakanninsa.

Ɗan Kasawa, wanda ya ga abin da ya faru a Ɗankama da idonsa, bai taso da jin saƙon farko ba. Dattawan Maraɗi sun ba da labarin cewa sai da ya tabbata mutanen sun tashi da kansu sun kashe Mani, sannan ya ɗaura sirdi. Ya shiga Maraɗi wajajen shekarar 1819, aka karɓe shi a matsayin Sarkin Katsina. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba, domin a ganinsa zama ne na ɗan lokaci kafin a koma gida. Wannan ne dalilin da ya sa har yau sarkin da ke Maraɗi ake kiransa Sarkin Katsina.

Wurin ya dace da mai neman tsira. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwari yake, ga ruwa kusa, ga ƙasa mai albarka, ga kurmi mai duhu da ke hana dawaki sakewa. Daga Katsina aka yi ta turo runduna don a tumɓuke shi tun bai yi saiwa ba, amma abin ya faskara. Labari ya bazu cewa ɗan Agwaragi ya samu wurin zama, sai Katsinawan da suka warwatsu suka riƙa tahowa, masu sarauta da malamai da maƙera da marina da mahauta. Tasawa da Gazawa su ma suka koma bin Maraɗi.

Tsarin mulkinsa

Ɗan Kasawa ya dasa tsarin fadar Katsina ne a Maraɗi kamar yadda ya san shi. Manyan masu zaɓen sarki huɗu ne, Ƙaura wanda ke jagorantar yaƙi, da Galadima, da 'Yanɗaka, da Durbi. Akwai kuma sarautar Iya, wadda ake ba wata mace daga gidan sarauta. Iya ce shugabar mata da 'yan bori, tana da fadarta da 'yan aikenta, kuma tana da hannu a harkar kasuwa, musamman wajen masu awon hatsi. Wato ke nan tun wancan zamani matan kasuwa na da wata babba a fada wadda lamarinsu ke bi ta hannunta. Su kuma Anna da suka kira shi, ya bar masu shugabanninsu da al'adunsu na noma da farauta, su kuma suna ba shi 'yan baka idan yaƙi ya tashi.

Ta waje kuma, ya ƙulla abota da Gobirawa, waɗanda mahaifinsa ya yi ta yaƙa. Wahala ɗaya ta haɗa su, domin su ma an raba su da Alƙalawa. Mutanen Sakkwato suna kiran waɗannan da suka ƙi miƙa wuya da sunan 'yan tawaye, su kuma suna ganin kansu a matsayin masu neman haƙƙin gidansu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daular da aka kafa a kan yaƙi da yaƙi take ci. Da rani ya yi, mayaƙan Maraɗi kan fita su faɗa wa ƙauyukan Katsina da Zamfara, su koro shanu, su kamo mutane a sayar ko a sa su noma. Su ma na kudu idan sun samu dama haka suke yi wa ƙauyukan Maraɗi da Tasawa. Waɗanda ake kamawa ɗin nan kuwa Hausawa ne da Fulani talakawa, masu harshe ɗaya, galibi ma dangin juna.

Abin da fatake suka gani

Wanda ya fi kowa jin jiki a wannan rikici shi ne falke. Tsakanin ƙasar da ke bin Maraɗi da wadda ke bin Sakkwato sai aka samu wani faffaɗan daji da babu mai zama cikinsa, gonaki suka koma kurmi, rijiyoyi suka rufta. Mai jaki ɗaya ko biyu ba ya iya ratsawa shi kaɗai, dole ya jira babban ayari mai madugu da 'yan rakiya masu makamai, ya kuma biya kuɗin hanya a kowane gari mai kafi. Duk wannan a kan farashin kaya yake ƙarewa. Wani Baturen Ingila mai suna Clapperton, wanda ya je Sakkwato daga Kano a 1824, lokacin Ɗan Kasawa na kan gado, sai da aka haɗa shi da mahaya masu rakiya kafin ya ratsa dajin Gundumi saboda tsoron 'yan tawaye.

Birnin Katsina kuwa ya zama na bakin daga, kullum cikin shirin hari. Ɗan kasuwa ba ya ajiye dukiyarsa inda ake jin ƙarar tambarin yaƙi, saboda haka Larabawa da manyan attajirai suka riƙa kwashe kayansu suna komawa Kano, wadda ke can ciki nesa da hare-hare. Agalawa da dama, waɗanda suka shahara da fataucin goro, su ma daga ƙasar Katsina suka koma ƙasar Kano, kuma daga cikin zuriyarsu ne aka samu Alhasan Ɗantata. Kasuwar Kurmi ta cika ta batse, ta Katsina ta rame. Ɗan Kasawa ya samu gadon sarauta, Umarun Dallaji ya riƙe birni, amma cinikin da ya sa Katsina ta yi suna ya kuɓuce masu su duka biyun.

Rasuwarsa da magadansa

Ɗan Kasawa ya rasu a Maraɗi wajajen shekarar 1830, bai sake taka cikin Birnin Katsina a matsayin sarki ba. Rauda ne ya gaje shi, kuma shi ne ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da wasu Buzaye suka tunkari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836, inda aka karya su, aka kashe Rauda da Ali duka. Bayan wannan ne Ɗan Mari ya hau, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. A zamanin Ɗan Mari mutanen ƙasar Ruma suka yi wa Katsina bore da goyon bayansa, Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe su da ƙarfi, garuruwa da dama a wannan yanki su ma suka zama kufai, daji ya cinye su. Daga baya aka yi Ɗan Baskore, wanda ya fi kowa suna a sarakunan Maraɗi wajen yaƙi, ya kai hare-hare har ƙofar Katsina, amma shi ma bai ci birnin ba.

Kuka ɗaya a tsakiyar kasuwa

Shaidar da ta fi kowace bayyana halin da Ɗankama ta shiga ta fito ne daga wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashen nan. A watan Janairu na 1851, wato shekara 44 bayan ƙone garin, ya biyo ayarin gishiri na Asbinawa daga arewa. Ya sauka Tasawa ya tarar da gari mai rai, ga marina, ga kasuwa inda har soyayyar fara ake sayarwa, ga 'yan kasuwa zaune suna ƙirga kuɗin wuri biyar-biyar. Ya wuce Gazawa ya same ta kewaye da kafi da rami mai zurfi, domin ita ce gari na ƙarshe a ɓangaren Maraɗi, kullum cikin tsammanin hari.

Daga Gazawa ayarin ya shiga dajin da babu kowa. A cikinsa ne aka nuna masa inda Ɗankama take a dā. Abin da ya gani shi ne ƙaya ta rufe ko'ina, sai wata ƙatuwar kuka guda ɗaya tsaye ba ganye, wadda aka ce masa a nan kasuwar garin take ci. Ya ba da labarin yadda mutanen ayarin suka ruɗe da isarsu wurin, aka shiga kaɗa ganguna, ana ihu, ana tsine wa waɗanda suka yi wannan ɓarna, kowa na tura dabbarsa ta 'yar siririyar hanya don a bar wurin, kamar masu tsoron aljanu.

Da ya isa Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Umarun Dallaji, ya tarar da ganuwa mai zagayen mil 13 ko fiye, amma mutanen da ke ciki a ƙiyasinsa ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a birnin da ya ce a dā zai iya ɗaukar 100,000. Yawancin filin cikin ganuwa ya koma gonaki da kangaye. Kano kuwa ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, kuma a lokacin ciniki na rani sukan kai 60,000.

Yadda kufai ya sake zama gari

A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin cikin gida ya raba gidan Ɗan Kasawa. Ƙaura Hasau ya fi ƙarfin sarakuna, yana naɗawa yana tuɓewa, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa. Ana cikin haka Turawa suka iso. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Tasawa tana ƙone ƙauyuka da kashe jama'a, kafin sojojinsu su kashe su biyun a kusa da Maijirgi. Ingila ta ci Katsina a 1903. Ƙasashen biyu suka yi yarjejeniya kan iyaka a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kafa alamu. Layin da suka ja ya bi kusan ta cikin wannan daji da yaƙi ya bari. Maraɗi da Tasawa da Gazawa suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Ɗankama suka faɗa hannun Ingila. Wani tafinta na tawagar Faransa mai suna Landeroin ya zauna da dattawan Maraɗi a lokacin ya rubuta abin da suka gaya masa, kuma daga nan ne aka samu da yawa daga labarin Ɗan Kasawa.

Mulkin mallaka ya zo da nasa zalunci, ga haraji ga aikin tilas, amma hare-haren rani sun tsaya. Da manoma suka ga an daina kamun mutane, sai suka fara fita daga garuruwa masu kafi suna sheme daji. Aka sake zama a Ɗankama, kasuwa ta dawo. Ta arewa kuma jama'a suka bazu suna kafa ƙauyuka a ƙasar Tasawa da Mayahi, suka haura Gulbin Kaba har zuwa yankin El Alasan Mairairai, inda gonar gero ke haɗuwa da makiyaya. Ita kanta Maraɗi, ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, aka tayar da sabo a kan tudu, cinikin gyaɗa da na iyaka suka mayar da ita cibiyar kasuwancin Nijar, alhazanta suka yi suna. Sunan Ɗan Kasawa na nan a bakin mutanen garin, har ƙungiyar ƙwallon ƙafa aka sa wa sunansa.

Abin lura ga 'yan kasuwa

Masu bin wannan hanya a yau sun ɗanɗana kaɗan daga abin da kakanninsu suka sha. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an sake rufewa har zuwa Maris 2024. Kowa ya ga yadda kaya suka yi ta lalacewa a kan motoci, farashi ya hau, 'yan dako da masu abincin sayarwa a garuruwan iyaka suka rasa abin yi. Haka kuma daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutane daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Maraɗi, wasu ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu suka zama babu kowa, a daidai ƙasar da ta taɓa zama kufai a zamanin Ɗan Mari. A gefe guda kuma, a 2021 an ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda zai bi ta ƙasar da fatake suka yi ta ratsawa da jakuna.

Ɗan Kasawa ya nuna jarunta da haƙuri, ya ɗauki sarautar da ta faɗa rijiya ya sake tsayar da ita, kuma zuriyar gidansu na riƙe da ita sama da shekara 200. Amma ƙauyukan da ke tsakaninsa da abokan gabarsa su suka biya kuɗin wannan jayayya, kuma Ɗankama ba ta sake ganin ranar kasuwa ba sai da aka daina tare hanya. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan garuruwan iyaka na ɓangarorin biyu su ne suka fi kowa sanin wannan, su ne kuma ya kamata su fi kowa ɗaga murya a duk lokacin da aka fara maganar rufe hanya ko aka bar wani ƙauye a hannun ɓarayin daji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.